Tsakuwar da ke cikin takalmina

Da dattijon maƙwabcinmu zai koma jihar Arizona, inda rana ke yi kamar ta gida, sai ya turo mini tsohon injinsa na kwashe dusar ƙanƙara har ƙofar gareji. Ya ce injin ya ga babbar dusar 1991, wadda ta zuba wa birninmu Miniyapolis, a nan Amurka, inci 28 da ɗoriya, bai gaza ba. Na yi godiya, na rufe shi da tsohon bargo, na manta da shi tun daga Afrilu har Disamba, da fetur ɗinsa a ciki.

Nan ne kuskuren farko. Fetur ɗin jiharmu ta Minesota ana gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, shi kuwa jan danshi yake yi. In ya kwana wata takwas a kafireta sai ya zama wani ƙaro mai warin fenti, ya toshe duk wata ƙofa. Ranar da dusa ta sauka na ja igiya har kafaɗata ta amsa, injin ko tari bai yi ba. Ga dokar birni ta ba mai gida awa 24 ya share hanyar da ke gabansa.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, ka ɗauki shebur mana." Na ce mata mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kokawa da janareto a Kano ba zai durƙusa wa wannan ba. Abin da ban tuna mata ba shi ne, a Kano bakanike ne ke kokawar, ni fitila nake riƙe masa.

Na yi shiri irin na masu hankali. Na kawo kwalin ƙwai na ce kowane noti da raminsa, na kuma ɗauki hoto kafin in kwance komai. Sai daga baya na ga hoton: babban yatsana ne da rabin taya. Da safar hannu ba ka iya riƙe ƙaramin noti, in ka cire ta kuma, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, yatsun ba naka ba ne. Siririyar kusar da ke riƙe da abin nan mai yawo a kan fetur a cikin kafireta ce ta fara gudu. Na bi ta da maganaɗisu, na kamo ta tare da tsofaffin ƙusoshi huɗu da wata washa da ban san asalinta ba. Wannan nasarar ce ta kumbura mini kai.

Sai na ɗauko notin da na kwance daga gindin kwanon kafireta. Shi ne sarkin aikin: na tagulla ne, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, kuma a jikinsa ƙananan ramukan da fetur ke bi suke. Na tsokale su da siririyar waya, na ɗaga shi sama ina dubawa ta haske, ina jin kaina injiniya. Atishawa ɗaya na yi. Ko ƙarar faɗuwarsa ban ji ba.

Minti arba'in na yi ina jan maganaɗisu a ƙasan gareji, kafin autarmu, 'yar aji huɗu, ta ce, "Baba, maganaɗisu ba ya kama tagulla." Na ce na sani, gwadawa nake yi. Na share garejin, na tankaɗe sharar da rariyar uwargida, maganar da har yau ba ta mutu ba. Ina tsaka da haka na taka gefen kwalin ƙwan, ragowar notuna suka watse kamar an jefa wa kaji dutse.

Haka na ɗauki shebur. Awa biyu ina kwasa, ga wata tsakuwa a takalmin dama tana cizona, sanyi ya hana ni tsayawa in cire. Da ita na tuƙa mota zuwa shagon kayan gyara, na yi wa mai shagon kwatance da yatsu, ya sayar mini da sabon noti, ya ƙara mini da shawarar in riƙa zuƙe fetur in bazara ta zo.

Na dawo gab da magariba, na zauna zan yi alwala, na zare takalmin na zazzage. Tsakuwar ta faɗo kan tayil, ta gangara tana sheƙi har gaban uwargida. Ta ɗauka, ta juya shi, ta ce, "Injiniya, wannan a wane ramin kwalin zan saka maka?"