Na tura ne kamar yadda aka turo min

Akwai wata baiwar Allah da har yau in na tuna ta sai na ji abu ya tokare min ƙirji. Ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba, amma ina da hannu a dukan da ta sha. Shekara shida ke nan, wata Laraba bayan La'asar, hotonta ya shigo guruf ɗinmu na 'yan unguwa. Daga nesa aka ɗauke ta, tana tsaye a bakin makarantar Islamiyya da hijabi ruwan toka, da leda a hannu. A ƙasan hoton an rubuta cewa ɓarauniyar yara ce, an gan ta tana leƙe-leƙe, kowa ya kula da 'ya'yansa, a yaɗa don Allah. Yarana biyu suna Islamiyyar a lokacin. Ban yi minti guda ba na tura shi guruf uku: na dangi, na abokan aiki, da na masallaci. Na ɗora da kalmomin nan da dukkanmu muka haddace: na tura ne kamar yadda aka turo min.

Kafin Magariba samari sun tare ta a bakin titi. Allah ya taimaka wasu dattawa suka shiga tsakani, amma kafin nan an fasa mata baki, an yaga mata hijabi. Da ƙura ta lafa aka tambaye ta, ashe daga ƙauye ta zo duba 'yarta da ta haihu, ta sauka a mota ta ɓata hanya, kwatancen da aka yi mata kawai shi ne gidan yana kusa da Islamiyya. Ledar kuwa daddawa ce a ciki da kuka da yajin mai jego.

Ban ɗaga mata hannu ba, ban ma je wurin ba, kuma na daɗe ina rarrashin kaina da wannan. Amma ɗaya daga cikin samarin da suka tare ta, a guruf ɗin masallaci ya ga hoton, ni kuma na kai shi can. Da ya ga sunana a saman saƙon, me zai sa ya yi shakka? Ya san ni, yana gaishe ni kullum, ya san ba na wasa da maganar yara. Abin da na gane daga baya ke nan: duk saƙon da ka tura, ka sa masa hannu ne. Wanda ya karɓa bai san wanda ya ƙirƙiro shi ba, kai ya sani. Mutuncinka ka ara wa maganar ta shiga gidan da ba za ta iya shiga ita kaɗai ba. Saboda haka wannan "kamar yadda aka turo min" ba ta wanke kowa. Manzon Allah (SAW) ya riga ya rufe wannan ƙofa tun da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Hadisin yana muƙaddimar Sahihu Muslim, yawancinmu mun ji shi a wajen karatu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat kuma ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, don kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Ni na wayi gari a cikin wannan nadamar, na san ɗacinta.

Abin da ya fi damuna shi ne ba wannan ne karon farko da ya kamata in yi hankali ba. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 2014 yana tuna daren ruwan gishiri. Wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar Ebola daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, tsoro ya cika ƙasa. Sai ga shi cikin dare, wayewar garin Juma'a 8 ga Agusta, wayoyi suka ɗauki ƙara: a tashi a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri kafin gari ya waye, a kuma sha. Ta tes ya zo, ta BBM, ta WhatsApp, ta Facebook, sannan 'yan uwa suka dinga kiran juna. Gwaggona ce ta kira ni wajen ƙarfe uku, muryarta na rawa, tana cewa in tashi mutanen gida. Na tashe su. Mahaifiyata, mai fama da hawan jini, ta sha kofi guda, ta yini a kwance kanta kamar zai rabe. Mu mun tsira da wannan. A wasu wurare aƙalla mutum biyu sun mutu, an kwantar da kusan ashirin a asibiti, sai da ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar. Ku duba wannan da kyau: Ebola gaba ɗayanta mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta taɓa tako Arewa ba. Gishirin kuwa babu lungun da bai shiga ba. Kuma babu ɗaya daga cikin waɗanda suka kira danginsu a daren nan da ya yi da mugun nufi. So ne da tsoro suka haɗu. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa ai 'yan tada zaune tsaye ne kaɗai ke yaɗa ƙarya. Su suna ƙirƙira, mu masu kyakkyawar niyya mu muke yi musu dako kyauta, da datarmu.

Na Filato ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. A ƙarshen Yunin 2018 an kai hare-hare ƙauyukan Barikin Ladi, an kashe mutane da yawa, wannan gaskiya ne ba ƙage ba. Amma a cikin hotunan da suka cika Facebook a kwanakin akwai waɗanda ba su da alaƙa da abin da ya faru. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya gano cewa hoton wani jariri da aka sassara ya riga ya yi watanni yana yawo kafin rikicin, wani bidiyon kuma na mutumin da aka fasa wa kai ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Brazabil yake tun 2012. Matasan da suka ga hotunan nan jininsu ya tafasa, suka tare hanya ranar 24 ga Yuni, aka fito da matafiya daga motoci aka kashe mutum 11 da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kada wani ya karanta wannan ya ce ai su ne. Mu ma mun sha tura tsofaffin hotunan gawarwaki daga wata ƙasa da sunan 'yan uwanmu ne aka kashe jiya a Kudu, alhali akwai baƙi a Sabon Garinmu da wannan hoton zai iya jawo wa asarar rai. Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincike shi, balle da aka samu manhajojin da ke haɗa murya da fuskar mutum su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Kada kuma mu zauna jiran kamfanonin nan su tsare mu. Wancan binciken ya nuna cewa a lokacin mutum huɗu ne kacal ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci domin Facebook a Najeriya, ga masu amfani da shi miliyan 24, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. WhatsApp kuwa a kulle saƙonninsa suke tun daga wayar mai turawa har zuwa ta mai karɓa, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Babban abin da suka yi, bayan ji-ta-ji-tar satar yara ta sa an kashe mutane da dama a Indiya a 2018, shi ne taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, daga baya a 2020 suka mayar da saƙon da ya sha yawo, mai alamar kibiya biyu, zuwa wuri ɗaya tak. To amma guruf ɗaya yana ɗaukar mutum fiye da dubu. Sannan mu nan saƙon murya ne ya fi tafiya, saboda iyayenmu da yawa ba sa karatun boko amma suna saurare. Mutum zai yi sallama cikin natsuwa, ya yi salati, ya ce shi ma'aikacin asibiti ne ko ɗan uwansa soja ne, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba, amma muryar ta yi kama da ta mutumin kirki, shi ke nan an gaskata.

Akwai doka, na sani. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar da za ta iya kai naira miliyan bakwai ga wanda ya yaɗa ƙarya da gangan don tada fitina. Ba na jingina da ita, domin mun ga yadda aka fi amfani da ita wajen kama 'yan jarida da masu sukar masu mulki. Kuma babu ɗan sandan da zai zo ya tsaya tsakanin yatsana da wayata da ƙarfe goma sha ɗayan dare.

Abin da na ɗora wa kaina tun daga ranar matar nan ba wani mai wahala ba ne. Duk saƙon da na ji ya tayar min da hankali nan take, ko ya sa ni fushi, ko aka rufe shi da "kada ka bari ya tsaya a wajenka", to a wajena zai kwana. Gaggawar da ke cikinsa ita ce babbar alamar da ke sa ni tsayawa. In hoto ne, ina sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa cikin daƙiƙa kaɗan sai ka ga shekararsa da ƙasar da ya fito. In labari ne babba, ina duba ko gidajen rediyon da muka sani sun ɗauka, ko masu tantance labarai irin su Dubawa sun yi magana a kai. In an ce a unguwa kaza abin ya faru, ina kiran wanda na sani a can. In kuwa fuskar mutum ce aka saka da sunan ɓarawo ko mazinaciya ko mai ba 'yan bindiga bayanai, ba na turawa ko da na tabbatar, mai unguwa da ofishin 'yan sanda sun fi guruf dacewa da wannan.

Inda abin yake da nauyi shi ne guruf ɗin dangi. Yaya za ka ce wa ƙanin mahaifinka abin da ya turo ƙarya ne, a gaban 'ya'yansa da surukansa? Na taɓa yin kuskuren gyara wa wani baffana a bainar jama'a, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, kuma shi ke da gaskiya a kan yadda na yi. Yanzu kiransa nake yi. In gaishe shi, in tambayi iyali, sannan in ce: Baffa, Allah ya ƙara girma, saƙon nan da aka turo muku na bincika, ashe tsohon abu ne, na ce gara in sanar da ku kafin wani ya riga ni. Sau da yawa shi da kansa yake komawa ya goge, har ya rubuta cewa a yi haƙuri. Dattawanmu ba sa son ƙarya, sun taso ne a zamanin da abin da ya fito daga rediyo ko takarda an riga an tace shi, sai suka ɗauka waya ma haka take. Haƙƙinsu ne a kanmu mu yi musu bayani cikin ladabi, ba mu koma gefe muna yi musu dariya ba.

Wanda kuma ya riga ya tura, daga baya gaskiya ta fito, ya koma duk inda ya kai saƙon ya warware da bakinsa. Gogewa a ɓoye ba ta isa ba, don waɗanda suka gani sun riga sun gani. A daren da abin matar nan ya faru na koma guruf ukun nan na rubuta cewa hoton da na turo ƙazafi ne, matar baƙuwa ce mai neman gidan 'yarta, ni na yi kuskure, duk wanda ya tura gaba ya bi ya gyara. Mutum biyu ne suka amsa. Hoton kuwa, bayan sati uku wani abokin aikina ya sake turo min shi daga wani guruf na wata jiha, an canza sunan unguwar.

Bayan kwana biyu na nemi gidan na je. Surukinta ya fito muka gaisa, na faɗa masa ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Inna ta koma tun jiya da asuba, ko suna ba ta tsaya ba, ta ce ita da birni har abada. Na roƙe shi ya isar mata da neman gafarata, ya ce zai faɗa mata. Jaririn da ta zo dubawa yanzu yana Islamiyyar nan, aji ɗaya da autana. Kwanaki na tambayi mahaifinsa ko kakar ta taɓa dawowa, ya ce a'a, su suke kai mata shi da Sallah.