Minti takwas na Viola Davis

Idan aka tayar da zancen Viola Davis, jarumar fim 'yar Amurka, kofuna mutane suke fara lissafowa: Oscar na fim, Emmy na talabijin, Tony na wasan dandamali, sai Grammy na waƙa da sauti da ta samu a 2023 ta cike huɗun. To, ni dai abin da ya sa nake ganin girman matar nan wasu mintuna ne da ba su fi takwas ba a fim ɗin Doubt na 2008.

Ta fito a matsayin uwar wani yaro, shi kaɗai ne baƙar fata a makarantar 'yan Katolika. Shugabar makarantar, wato Meryl Streep, ta tare ta da zargin cewa limamin cocin yana neman lalata mata ɗa. Kowa ya zaci uwa za ta yi kururuwa ta ɗaga hankalin duniya. Ina! Sai ta shiga roƙo a rufe maganar har yaron ya gama shekarar karatu, don ta san dukan da ubansa zai yi masa idan zance ya fita. Hawaye na zuba, majina na zuba, ko hannu ba ta ɗaga ta share ba. Wallahi ranar da na fara kallon wurin nan sai da na manta akwai Meryl Streep a tsaye kusa da ita. Wannan 'yar fitowar ce ta sa sunanta ya shiga takarar Oscar a karon farko, tana da shekara 43.

Shekara 43, jama'a. Ina take duk tsawon lokacin nan? Tana kan dandamali tana wasan kwaikwayo a gaban 'yan kallo, kuma nan ne ake yi mata rashin adalci idan ana ba da tarihinta.

An haife ta a 1965 a jihar Karolaina ta Kudu, ta tashi a garin Central Falls na jihar Rhode Island cikin talaucin da ita da bakinta ta ba da labarinsa: yunwa, ɓeraye a gida, kunyar zuwa makaranta da kaya masu datti. Mahaifinta kula da dawaki yake yi, mahaifiyarta aikatau da aikin masana'anta. Daga nan ta yi karatun wasan kwaikwayo har ta gama makarantar Juilliard ta birnin New York a 1993. A 1996 ta hau dandamalin Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo na New York, a wasan Seven Guitars na marubuci August Wilson, a 2001 ta ɗauki Tony ɗinta na farko da King Hedley II, shi ma na Wilson. A daidai wannan lokacin masu fim ba abin da suke miƙa mata sai 'yan guntayen fitowa: nas, 'yar sanda, uwar da ƙwaya ta cinye. Ta iya aiki, kowa ya sani. Duhun fatarta ne da kamanninta ba su dace da irin macen da Hollywood take son sa wa a gaba ba.

Wanda bai san aikin dandamali ba zai ɗauka duk wasa wasa ne. A Broadway sau takwas ake maimaita wasa a mako, a gaban mutanen da suka biya kuɗinsu. Babu darakta da zai ce a tsaya a sake, babu mai yanke kuskure a kwamfuta. Kukan da kika yi jiya sai kin sake nemo shi yau, kuma sai na kujerar ƙarshe ya ji shi a ƙirjinsa. Macen da ta yi shekaru tana wannan, idan aka ba ta minti takwas gaban kyamara ai an ba ta fili mai faɗi.

Ku duba wasan Fences. A 2010 ta yi rawar Rose tare da Denzel Washington a Broadway, ta ci Tony na babbar jaruma. A 2016 aka mayar da wasan fim, rawar nan dai ita ce, mutanen su ne, ta ɗauki Oscar a 2017, amma a rukunin mataimakiyar jaruma. Har yau abin yana yi mini ciwo. Duk wanda ya ga inda Rose take gaya wa mijinta cewa ita ma shekara 18 ta yi tsaye a wuri ɗaya tare da shi, ya san ita ce ginshiƙin labarin.

Talabijin ma sai a 2014 aka ba ta jagorancin shiri, How to Get Away with Murder. A nan ne ta zauna gaban madubi ta cire gashin kanti, ta goge kwalliya tas, duniya na kallo. A 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy na babbar jaruma a rukunin shirye-shiryen dirama, tana da shekara 50.

Na ji daɗin ganinta riƙe da adda a fim ɗin The Woman King, tana jagorantar mayaƙan mata na Dahomey. Amma da za a ba ni zaɓi, kujera ɗaya nake so, ko ta can baya ce, a daren 2010 da take yin Rose babu kyamara tsakaninta da masu kallo.