Ba maye ba ne, hanta ce

Duk wanda ya sake tura bidiyon nan jiya, da wanda ya ɗora masa kiɗa, da wanda ya rubuta "tramol ya yi aikinsa" a ƙasa, ku sani kun ɗauki hakkin bawan Allah. Wata guda ke nan ina haɗiye maganar, na ce ƙura za ta lafa. Sai ga shi da daddare wata ƙawata daga Ngaundere ta turo mini tana tambaya wai ko na san dattijon. Na san shi mana. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, ɗan acaba ne, a bayan mashin ɗinsa na yi zuwa makaranta shekara shida. Ashe abin ya bar Garwa tuni, yana yawo gari-gari.

Me kuka gani? Mutum a kan mashin ya shigo shataletale ta hannun da ba nasa ba, ya ture teburin mai albasa, ya zauna a ƙasa, ana tambayarsa sunansa yana jinkirin amsawa. Daƙiƙa arba'in ne bidiyon. A cikin daƙiƙa arba'in kuka gama shari'a, kuka mai da shi ɗan ƙwaya. Mutumin da ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba, wanda ladan ke tarar da shi a ƙofar masallaci da asuba. Ba maye ba ne. Hanta ce.

Shekara huɗu ke nan da aka gano yana da ciwon hanta nau'in B, kuma lokacin da aka gano ɗin hantar ta riga ta yi tabo ta ƙandare, abin nan da likitoci ke rubutawa siroz a takarda. Mu a nan idan aka ce hanta, tunaninmu ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta hau. Ba wanda ke kawo ƙwaƙwalwa a lissafi. Alhali abin da ke faruwa a fili yake. Duk abincin da muka ci, ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinmu suna sarrafa shi, suna fitar da wani sinadari mai suna amoniya. Jinin hanji kuwa ta hanta yake bi kafin ya zaga jiki, ita ce mai tsaron ƙofa, ta kama amoniyar nan ta juya ta zuwa abin da zai fita a fitsari. Idan ta ƙandare, jinin ya kasa ratsa ta, sai ya nemi ɓarauniyar hanya ya kewaye. Dattin ya wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da ke hidimar jijiyoyin kai su tsotse shi su ɗan kumbura. Daga nan tunani ya fara nauyi.

Kuma ba ya zuwa gaba ɗaya. Likitoci suna da ma'auni da ake kira West Haven, sunan wani gari ne a Amurka, daga mataki na 1 zuwa na 4. Na 4 shi ne doguwar suma. Na 2 da na 3 kowa zai gane, mutum ya manta ranar da ake ciki, ya rikice, ya yi ta gyangyaɗi, idan ka ce ya miƙe hannuwansa kamar mai tsayar da mota sai ka ga tafukan suna faɗuwa suna tashi. Amma ƙasa da waɗannan akwai ɓoyayyen mataki, wanda za ka gaisa da mutum, ku yi hira, ka rantse lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ragu shi ne saurin lura, da saurin yanke shawara, da haɗin kai tsakanin ido da hannu. Wato daidai abin da ɗan acaba ke ci da shi. Ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka sun rubuta a jagoransu na 2014 cewa tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari na masu siroz suna da wannan ɓoyayyen nau'in, gwargwadon gwajin da aka yi amfani da shi, kuma kashi 30 zuwa 40 za su kai ga na fili wata rana. An kuma nuna cewa masu shi sun fi yin haɗari a hanya, sun fi faɗuwa a gida.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha ɗaya, kuma ciwon nan ya wuce ni ban gane shi ba. Wannan shi ne abin da ke cin raina fiye da bidiyonku. Inna, matarsa, ta fi ni gani. Tun kafin azumin bara take ce mini, "'Yar nan, kawunki fa ya juya dare ya koma rana. Ƙarfe biyu yana zaune a tsakar gida, hantsi kuma yana sharar barci." Na ce zafi ne. Ta ce ya ba fasinja canjin jaka biyar alhali jaka ɗaya aka ba shi. Na ce gajiya ce. Ta ce yanzu sai ya yi ƙabli da ba'adi kusan kullum, ya kasa riƙe raka'a. Na ce shekaru ne, Inna. Shekarunsa 54. Duk alamun nan a littafi suke, na karanta su, amma da suka shigo gidanmu sanye da rigar Kawu ban gane su ba.

Washegarin haɗarin muka kai shi asibiti. Wani matashin likita, Allah ya saka masa, bayan ya duba sukari da zazzaɓin cizon sauro da gishirin jini ya tabbatar ba su ba ne, ya tambayi ko ya bugu a kai, sai ya ajiye wayarsa a kan tebur ya ce, "Baba, minti ɗaya zan ba ka. Lissafo mini sunayen dabbobi, duk wadda ta zo maka." Kawu ya yi murmushi, abin ya ba shi dariya. Mutumin da ya tashi a bakin Binuwai, ya yi kiwo, ya yi su. Ya fara: saniya, akuya, tunkiya, jaki, doki, kaza. Ya yi shiru. Ya kalli silin. Ya ce raƙumi. Ya ce kare. Ya sake cewa saniya. Ya shafa gemunsa ya ce, "Akwai wannan ta ruwa, babbar nan." Lokaci ya cika bai samo dorina ba. Takwas. Murmushin ya gushe daga fuskarsa, ya juyo ya kalle ni, ni kuma na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

Wannan gwajin ba wasan yara ba ne. Masu bincike a Fadowa ta ƙasar Italiya ne suka tabbatar da shi a 2017, kuma ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta sa shi a jagoranta na 2022. Ƙasa da dabba 15 a minti ɗaya, a fara zargi. Ƙasa da 10, zargin ya yi ƙarfi. Ana ɗan ƙara wa wanda bai yi nisa a boko ba maki. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci, aikin likita ne ya kore sauran dalilai, amma yana buɗe ido.

To masu cewa ai mu nan ba mu da kayan aiki, ku faɗa mini wace na'ura ce a nan? Agogo da baki. Na san akwai gwajin takarda da biro guda biyar da aka tsara a Hanoba ta Jamus, inda ake haɗa lambobi 1 zuwa 25 da layi, a haɗa lamba da harafi, da sauransu. Yana da kyau, amma kai wa dattijon da ajami kawai ya iya takardar haruffan boko, ka ce ya yi sauri, ai ka kayar da shi tun kafin ya fara. Akwai na waya ma, EncephalApp, mai sa ka faɗi launin rubutu. Duk a ajiye su gefe. Sunan dabba kuwa da Hausa za a yi, da Fulatanci za a yi, da Larabcin Shuwa za a yi. Me zai hana duk mai siroz da ya zo ganin likita a yi masa, kamar yadda ake ɗaura masa abin awon jini? Minti ɗaya ne fa.

Masu cewa iska ce ko sammu, har wata ta kawo mana gorar jiƙo da turare har gida, na gode da kulawa, amma ba za a ba shi ba. Addu'a muna yi dare da rana. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa hanta ce za ta tace shi, ita kuma ga halin da take ciki. Masu raɗa cewa ai siroz ciwon 'yan bilbil ne, wannan jahilci ne. Giya tana kawo shi, gaskiya ne. Amma a ƙasarmu nau'in B ne kan gaba, kuma yawancin masu shi tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sai 2005 allurarsa ta shiga rigakafin yara a Kamaru. Duk wanda aka haifa kafin nan, har da kai mai dariyar, je ka gwada kafin ka buɗe baki. Ko da ma a ce mashayi ne, sai a bar shi a ƙasa ana ɗaukarsa a waya?

Maganin kuma ba daga sama yake ba. Laktuloz ne, wani ruwa mai zaƙi kamar sirop ɗin yara, ana samunsa a farmasi. Jiki ba ya tsotse shi, yana wucewa babban hanji ya sa wurin ya yi tsami, amoniya ta maƙale a can ta fita da bayan gida. Ana daidaita shi har mutum ya riƙa fita sau biyu zuwa uku a rana, mai laushi. Ba gudawa ake nema ba, idan ta yi yawa jiki ya bushe abin ƙaruwa yake yi. Tun 2007 wani bincike a Candigar ta Indiya ya nuna wata uku na laktuloz ya gyara tunani da jin daɗin rayuwar masu ɓoyayyen nau'in nan. Akwai rifaksimin, miligiram 550 sau biyu a rana, wanda ake ƙarawa idan abin yana dawowa. Na zaga farmasi huɗu ban samu ba, kuma kuɗinsa ba na ɗan acaba ba ne. Alhamdu lillahi ba mu kai ga buƙatarsa ba.

Da likitan ya bi diddigi, ashe kwana huɗu Kawu bai yi bayan gida ba kafin ranar, kuma saboda rashin barcin nan wani mai kwalin magani ya sayar masa da diyazefam. Waɗannan biyun su ne suka ingiza shi. Haka ciwon yake, kusan kullum akwai abin da ya tayar da shi: taurin bayan gida, zubar jini a ciki, wata cuta da ta shiga jiki, bushewar jiki a zafin watan Afrilu irin namu, maganin sa fitsari da ya yi yawa, ƙwayar barci. Idan kuka ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko ya fara kiran ɗansa da sunan wani, ba a jiran gari ya waye.

Sai maganar abinci, wadda ta fi ba ni haushi a cikin dangi. An taru an hana shi nama, an hana shi ƙwai, an hana shi wake, an bar shi da kunu tsararo wai hanta ba ta son maiƙo. Ya rame kamar sanda. Wannan tsohon ilimi ne, likitoci sun bar shi. Tsokar jiki ita ce ke taya hanta kwashe amoniya, idan ta zube ka rasa mataimaki. Abin da ake so shi ne giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowane kilo na nauyinsa a rana, a rarraba kaɗan-kaɗan, kada ya daɗe da yunwa, kuma ya ci wani abu kafin ya kwanta. Kindirmo, wake, ƙwai, kifin Binuwai da aka dafa sosai, gishiri kaɗan. Azumi ma likita ya ce ya dakata, kuma malaminsa ya karanta masa ayar da ya riga ya sani, mara lafiya yana da rangwame.

Na san za a ce to an ce ya ajiye mashin, me iyalinsa za su ci? Tambaya ce mai nauyi, mu muke ɗauke da ita ba ku ba. Ɗansa na fari ne ke hawa yanzu, mu kuma muna haɗa abin da ya sawwaƙa. Amma kada wanda ya ce mini a bar shi ya ci gaba da ɗaukar matan mutane da goyo a baya saboda "ai ya ji sauƙi". Likita ne zai faɗi ranar, idan akwai ranar. Mai albasa ma mun je mun ba shi haƙuri mun biya ɓarnar, ya fi ku mutunci, ya yafe mana rabi.

Shekaranjiya muka koma. Aka sake ajiye waya a kan tebur. Kawu ya fara da dorina, da ƙarfi, kamar mai ramuwar gayya. Kada, damo, bushiya, gafiya, zomo, kura, ɓauna, har da burtu. Goma sha tara. Inna ta rufe fuska da mayafi. Hantarsa ba ta warke ba, tabo ba ya gogewa haka nan, yana nan yana shan tenofobir ɗinsa, maganin ciwon hanta nau'in B, kullum. Amma yana barci da dare, kuma ya daina neman kalma a silin. Wannan ne mutumin da kuke yaɗawa da kiɗa a bayansa. Ba maye ba ne. Hanta ce, kuma an gano ta a minti ɗaya.

Wani abu kuma. A bidiyon nan da kuke so sosai, wajen daƙiƙa ta ashirin, akwai mai jar riga da ya sunkuya kusa da tayar baya ya ɗauki waya ƙirar Tecno mai fasasshen gilashi. Ta Kawu ce. Ba ta da wata daraja a kasuwa, amma hotunan takardun asibitinsa na shekara huɗu suna ciki, da muryar mahaifiyarsa da ta rasu bara. Ba za mu kai ka ko'ina ba, ba ma son sanin sunanka. Ka ba mai albasan nan, ya san gidanmu.