Takalmin badukun nan da ƙofar da Najeriya ta ƙi buɗewa

Ku ji abin da aka yi wa wani yaro baduku: an kwaikwayi takalmin da ya ƙirƙira, ana shigo da shi daga waje. Wata huɗu yana fama da samfurin takalmi guda, ya yanka fata ya watsar, ya sake yankawa, har ɗinkin ya zauna. Jiya na riƙe kwaikwayon a hannuna. Roba ce aka zuba a inji a wata ƙasa, hatta 'yar lanƙwasar maɗaurin ba su bari ba, kuma kuɗinsa bai kai rabin na yaron ba. Wallahi raina ya ɓaci.

Masu cewa "ai da ya yi rijista", na ji ku. Rijistar kare samfuri da ake yi a Abuja, bisa dokar 1970, shekara 5 ce, a sabunta sau biyu, 15 ke nan. Za ta ba shi damar maka mai shigo da kayan a kotu a nan gida. Masana'antar da ke can waje fa? Ko gezau. Kariyar tana ƙarewa a bakin iyaka.

Alhali akwai hanya. Tsarin Hague na rijistar samfuri a ƙasashe da yawa lokaci guda, wanda WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ke gudanarwa daga Geneva: takarda ɗaya, da Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci, ka zaɓi ƙasashen da kake so, har zane 100 in dai rukuninsu ɗaya. Ghana ta shiga a 2008. Ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki, ita ma a 2008. Sin ta shiga a 2022. Najeriya ba ta ciki!

Ina maimaitawa, Najeriya ba ta ciki. Baduku a Damagaram yana da ikon cike takardar nan, ɗan'uwansa na Ƙofar Wambai a Kano ba shi da shi, sai in yana zaune ko yana da sana'a ta zahiri a wata ƙasa da ke cikin tsarin. Abin da ya rage masa shi ne bin ƙasa ƙasa, lauya daban, kuɗi daban, kuma cikin wata 6 da yarjejeniyar Paris ta kare haƙƙin mallakar fasaha ta ba shi bayan ya shigar da takardar neman rijista a gida. Wane baduku ne zai iya?

Kada wani ya ce mini arziki na Allah ne. Mun sani, amma an ce ka ɗaure raƙuminka. Masu cewa ko an shiga talaka ba shi da kuɗin, a buɗe ƙofar tukuna, ƙungiyar dukawa za ta yi karo-karo.

Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, don Allah ku daina ɗora sabon samfuri a TikTok kafin rijista. Da zarar jama'a sun gani, a dokarmu ya daina zama sabo.

Fatarmu ma haka aka yi mata tun zamanin fatake. A jeme ta a Kano, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Kakana ya yi jima, har ya rasu ƙanshin bagaruwa bai bar hannunsa ba.