Abokan Ayuba suna nan a cikin ikkilisiya

Idan aka yi rasuwa a gidan ɗan ikkilisiya, da wuya a bar shi shi kaɗai. Kafin gari ya waye gida ya cika, masu addu'a na yi, masu waƙa na yi, an kuma haɗa abin da ya sawwaƙa. Wajen agajin gaggawa, ikkilisiya ba ta da ta biyu. Damuwata tana kan wata na uku da na shida, lokacin da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko aiki ya ƙi samuwa, ko haihuwa ta ƙi zuwa.

A lokacin ne tausayi yakan rikiɗe ya koma bincike. Sai ka ji ana cewa, "Ɗan'uwa, ka binciki kanka," ko "Anya kana ba da zakka kuwa?" Mai faɗin haka yana ganin shawara ya bayar, alhali nauyi ya ƙara wa wanda kaya suka riga suka danne. Wannan hali ya tsufa. Elifaz da Bildad da Zofar, abokan Ayuba da suka zo yi masa jaje, sun zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, kuma iyakar alherin da suka yi masa ke nan. Da suka buɗe baki, sai suka dage cewa lallai akwai laifin da ya ɓoye. A Littafin Ayuba sura ta 42 Ubangiji ya ce ya husata da su. Ana karanta wannan labari a kan bagade, amma ban cika jin mai wa'azi ya sa kansa a sahun mutanen ukun nan ba. Kowa Ayuba ne.

Yesu ma ya rufe wannan ƙofa. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya amsa musu cewa ba ko ɗaya. Duk da haka akwai masu gaya wa wanda bashi ya yi wa katutu ya "shuka iri", wato ya ba da sadaka don Allah ya ninka masa, da ɗan abin da ya rage a hannunsa. Idan buɗi bai zo ba, a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Ya rasa kuɗinsa, an kuma ɗora masa laifi.

Sai kuma tsegumi da ke sanye da rigar addu'a. Mace ta gaya wa shugaba sirrin aurenta, mako na zagayowa ta ji an mai da shi "roƙon addu'a" a gaban jama'a.

Wani zai ce ai ikkilisiya ba banki ba ce, membobin ma da kyar suke ci da kansu. Gaskiya ne, kuma na san fastoci da yawa suna ba da daga aljihunsu ba tare da kowa ya sani ba. Amma ikkilisiyar farko ba masu arziki ba ne, tsari ne ya riƙe su. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, masu jin Helenanci, wato harshen Girka, sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu sun cika ƙorafi ba. An zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas, aka damƙa musu aikin, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su. A wajajen shekara ta 251, bishop na Roma, Karniliyus, ya rubuta cewa ikkilisiyarsa tana ɗauke da gwauraye da mabukata sama da 1,500. Wanda ya iya faɗin adadi, ya san mutanen ɗaya bayan ɗaya.

Yau dattawa da yawa za su iya faɗa maka nawa aka tara na gini har zuwa ƙwandala ta ƙarshe. Tambaye su wa ya daina zuwa sujada tun da aka sallame shi daga aiki, sai a fara kallon-kallo. Mutumin da ba shi da abin sawa a baiko yakan fara da zama can baya, sannan ya riƙa fita kafin a tashi don kada a tambaye shi ya gida. Ranar da aka lura babu shi, abin da ake cewa shi ne ya ja da baya.