A Ba Iyayen 'Yan Rabin Aji Kujera, Ba Rasiɗi Kaɗai Ba

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin abin da Najeriya ke kira ilimin matakin farko, sannan manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ƙara shekara guda ta share fage kafin yaro ya shiga aji ɗaya na firamare. Wannan ne ya sa a yau makarantun gwamnati da yawa a Arewa ke da ajin da jama'a ke kira rabin aji, ban da ɗimbin makarantun nazire masu zaman kansu da suka cika unguwanni. Samar da ajin abin a yaba ne. Abin da har yanzu ba a tsaya an warware ba shi ne wanda ke da ta cewa a kan yadda ake tafiyar da shi, kuma ra'ayina shi ne iyayen waɗannan yara, musamman mata, sun cancanci kujera mai iko a wurin yanke shawara, ba a riƙa tunawa da su sai ranar da za a karɓi kuɗi ba.

Dalilin farko yana tattare da shekarun yaron kansa. Ɗalibin aji biyar zai iya dawowa gida ya ce malaminsu bai zo ba tun Litinin, ko an hana su shiga bayi, ko wani ya doke shi. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai iya tsara wannan bayani ba. Abin da za a gani kawai shi ne ya fara kuka idan an ɗauko rigar makaranta, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya dawo da abincinsa bai taɓa ba. Wadda ke ganin waɗannan alamu ita ce uwar da ta yi masa wanka da safe kuma ta karɓe shi da rana. Jami'in duba makarantu na ƙaramar hukuma, ko da yana da himma, makarantun da ke wuyansa sun fi ƙarfin babur ɗinsa, kuma ranar da ya zo ana share aji a jera yara. Saboda haka a wannan mataki babu mai sa ido na kullum da ya wuce iyaye, kuma tsarin da ya bar su a bakin ƙofa ya zubar da mafi ingancin labarin da zai iya samu.

Za a ce ai akwai kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda majalisar ilimi ta ƙasa ta amince a kafa a kowace makaranta kimanin shekara ashirin da suka wuce, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya yi aiki sosai wajen farfaɗo da shi a Kano da Jigawa da Kaduna. Gaskiya ne, kuma inda kwamitin ya tsaya da ƙafarsa an ga amfaninsa wajen dawo da yara makaranta da matsa wa malamai su zo aiki. Sai dai an raba kujerunsa ne bisa rukunin al'umma: sarauta, malaman addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, mata, malaman makaranta, wakilan ƙungiyar iyaye da malamai. Ba a raba su bisa azuzuwa ba. Ɗaliban da ake ba wakilci ma manya ne, domin ba za a zaunar da ɗan rabin aji a taro ba. Sakamakon haka shi ne ajin da ya fi kowane buƙatar mai magana da yawunsa shi ne ba shi da kowa a zauren.

Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya san yadda yake gudana. Ana fito da bencina ƙarƙashin bishiya ranar Asabar da hantsi, mai unguwa ko wakilinsa ya zauna a gaba, hedimasta ya karanto abin da ya lalace: rufin aji shida ya yaye, famfo ya tsaya, babu alli. A yanka wa kowane uba abin da zai kawo, a tambaya ko an amince, a ce an amince, liman ya yi addu'a a watse. Ba a cika jin wanda ya tambayi nawa aka tara a zangon da ya wuce da inda aka kashe shi ba, domin yin hakan a gaban dattawa kan zama kamar rashin kunya. Matan da aka rubuta sunayensu kuwa, in sun zo, suna can gefe a kan tabarma. Maganar cewa 'yan rabin aji su saba'in suna zaune a kan siminti da malama ɗaya, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara ashirin da biyar ga malami guda a wannan mataki, ba ta ma shiga jerin abin da za a tattauna.

Yana da kyau a dubi yadda Amurka ta tunkari wannan batu a shirinta na Head Start, wanda aka fara a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson domin 'ya'yan talakawa da ba su kai shiga firamare ba. Ba don komai nasu ya dace da mu ba, sai don sun rubuta ikon iyaye a cikin doka dalla-dalla. Kowace hukuma da ke karɓar kuɗin shirin dole ta kafa majalisar tsara manufa wadda iyayen yaran da ke karatu a lokacin ne ke da rinjaye a cikinta, kuma 'yan uwansu iyaye ne ke zaɓensu. Ma'aikatan shirin ba sa zama mambobi. Majalisar na da hannu a tsara kasafin kuɗi, da ƙa'idar waɗanda za a fara ɗauka idan gurbi ya yi kaɗan, da sharuɗɗan ɗaukar ma'aikata da sallamarsu. Dokar da aka sabunta a 2007 ta wajabta a riƙa nuna mata bayanin kuɗi na kowane wata, har da abin da aka kashe da katin banki. Akwai kuma tanadin a mayar wa iyaye marasa ƙarfi kuɗin da suka kashe domin halartar taro, abin da ke nuna an fahimci cewa talaka na iya samun kujera amma ya rasa kuɗin motar zuwa ya zauna a kanta.

Wannan iko bai zo a sauƙaƙe ba. A jihar Mississippi, a shekarar farko ta shirin, baƙar fata talakawa ne suka riƙe kwamitocin cibiyoyin yaransu, har aka ɗauki wasunsu aiki a ciki, kuma manyan 'yan siyasar jihar irin su Sanata John Stennis suka taso wa shirin da zargin almubazzaranci har aka dakatar da kuɗinsa na wani lokaci. Duk inda aka ba talaka damar duba littafin kuɗi, sai an sami wanda abin bai yi wa daɗi ba.

Misali mafi kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar. A 2004 aka fara wani shiri a jihar Tahoua da tallafin hukumar JICA ta Japan domin raya kwamitocin makarantu da ake kira COGES, kuma abin da ya bambanta shi shi ne zaɓen shugabannin kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri maimakon a bar mai gari ya nuna wanda yake so. Bayan zaɓe sai jama'ar gari su taru su tsara abin da za a yi a shekara, sannan a dawo a yi musu bayanin abin da aka aiwatar. Daga baya aka yaɗa tsarin a faɗin ƙasar, kuma wasu daga cikin kwamitocin suka buɗe makarantun ƙananan yara na al'umma da suke gudanarwa da kansu. Mutanen Tahoua Hausawa ne da makwabtansu, masu girmama sarauta kamar mu, kuma ƙuri'ar sirri ba ta rushe musu ladabi ba. Ta dai ba mutum damar ya zaɓi wanda ya yarda da amanarsa ba tare da ya ɗaga hannu a gaban surukinsa ba.

Akwai ƙorafi biyu da ake yi wa wannan ra'ayi, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko shi ne iyaye da yawa ba su san abin da ya dace da ƙaramin yaro ba. Wannan ba ƙarya ba ne. Iyaye ne ke matsa wa makarantun kuɗi su ba ɗan shekara uku aikin gida, su yi masa jarrabawa a fitar da na ɗaya da na ƙarshe, su hana shi magana da Hausa, alhali masana tarbiyyar yara sun daɗe da nuna cewa wasa da waƙa da tatsuniya cikin harshen da yaro ke ji su ne karatunsa a wannan shekaru. Idan aka miƙa wa irin waɗannan iyaye manhaja, za su mayar da nazire ƙaramar sakandare. Amsar ita ce a raba aiki: yadda za a koyar na malaman da aka horar ne, amma tsafta, da ruwan sha, da yawan yara a aji, da wanda aka yarda ya zo ɗaukar yaro, da halin wanda za a damƙa wa amanarsa, da inda kuɗi ya tafi, babu ɗayansu da ke buƙatar takardar shaidar malanta ta NCE. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙari a kan haka, uban da ke zama a kwamiti yana jin dalilin malama daga bakinta ya fi saurin daina neman a ba ɗansa aikin gida fiye da wanda ba ya ganin komai sai katin sakamako.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna, wato gwamnati ta fake da shigar da al'umma ta sauke nauyinta a kan talakawa. An ga haka: a ce makaranta taku ce, sai ya zama ma'anarsa ku saya tabarma, ku biya mai raino, ku gina bayi. Shi ya sa nake ganin duk wani tsari da za a yi dole ya fara da bayanin abin da ke sauko wa makaranta daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ƙaramar hukuma, a rubuce da Hausa, a liƙe a bangon ofishin hedimasta. Iyayen da ba su san abin da aka ware musu ba, ba su da yadda za su bambanta gudummawa da cike gurbin abin da wani ya karkatar.

Makarantu masu zaman kansu kuwa su ne inda gibin ya fi faɗi, domin a can mai makaranta shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne mai ɗaukar ma'aikata. Bayan mummunan abin da ya faru a Kano a farkon 2022, lokacin da aka gano cewa mai wata makaranta ne ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, gwamnatin jihar ta soke rajistar makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Ba zan ce kwamitin iyaye zai hana mugu aikata mugunta ba. Amma tantancewa ta lokaci ɗaya ba ta maye gurbin idon da ke nan kowace rana, kuma babu abin da zai hana jihohi sanya kafa zaɓaɓɓen kwamitin iyaye cikin sharuɗɗan sabunta rajista ga duk makarantar da ke karɓar yara 'yan ƙasa da shekara shida.

A makarantun gwamnati ma gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Hukumar SUBEB ta kowace jiha na iya ba da umarni a ware kujeru biyu a kwamitin SBMC ga iyayen 'yan rabin aji, aƙalla ɗaya mace, waɗanda iyayen ajin za su zaɓa da ƙuri'ar sirri kowace shekara, tunda yaran shekara guda suke yi su wuce. Inda al'ada ba ta bar mata su zauna da maza ba, ƙungiyoyin iyaye mata irin waɗanda shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya kafa a Katsina da Sakkwato da Zamfara da Bauchi za su iya yin nasu zaman a cikin gida bayan la'asar, a rubuta matsayarsu, a karanta ta a taron kwamiti, kuma a wajabta wa hedimasta ya ba da amsa a rubuce kafin zangon karatu ya ƙare.