Yoyon ɗakin jirgi da gam mai riƙon amana

Ruwan da ke ɗiga a ɗakin jirgin ruwana maƙaryaci ne. A ƙasan taga yake sauka, alhali tagar ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Jirgin faiba gida biyu ne, gangar ƙasa da rufin sama. Ana kifa ɗaya kan ɗaya kamar akwati da murfinsa, a ɗaure da sukurori, a rufe mahaɗar da ɗamarar alminiyon mai roba a tsakiya. Igiyar ruwa na murɗa jirgi, gefensa na gogar matsaya, har gam ɗin mahaɗar ya tsage. Ta nan ruwa ke shiga, ya bi bayan silin ya yi tafiyarsa, sannan ya zaɓi kunnena.

Na ba ƙanena tiyo ya tsaya waje, ni ina ciki da tocila da tishu. Daga ƙasa ake farawa, a jiƙa rabin mita na 'yan mintuna kafin a matsa. Na ce, "Kai, yi gaba!" Shi kuwa sama ya ji, ya sakar mini ruwa ta ƙofar rufin da na buɗe don mu riƙa jin juna.

Da muka kama wurin, na zare robar, na kwance sukurori mita ɗaya-ɗaya don kada ɗamarar ta lanƙwashe. Sai ga silikon da wani bawan Allah ya taɓa lafta wa wurin. Allah ya yafe masa. Babu gam ɗin da ke kama inda silikon ya zauna, sai an kankare shi tas, an bi da samfefa, an goge da asiton, wato sinadarin goge maiƙo, an bar wurin ya bushe ƙarau. Ramin da sukuru ke juyawa a banza na cika shi da ifoksi, wato gam mai tauri in ya bushe, na sake hudawa. Na manna tef sama da ƙasa, na tura gam ɗin jirgi mai suna 3M 5200 can cikin tsagar da cikin kowane rami. Ɗauri kuma daidai wa daida, in ka matse da ƙarfi gam ɗin duk waje zai tsere.

Shi 5200 na dindindin ne, yana kai kwana 7 kafin ya gama kamawa. Abin da za ka so ka sake cirewa, ɗan'uwansa 4200 ake sa masa. Matsalar 5200 ita ce ba ya bambanta jirgi da mai jirgi. Ɗigo ɗaya ya hau safar hannu, ya koma sukudireba, ya leƙa gemu. Guntun tef ɗin da na ɓare na ajiye kan benci, a kansa na zauna ina tausasa robar cikin ruwan zafi. Da na miƙe, matashin bencin ya biyo ni. Ƙanena ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Yaya, ko in kawo almakashi?" Almakashin kuwa shi ya raba mu.